Silifar da Baba Idrisa Ya Tono

Shekara ashirin da bakwai Baba Idrisa ya yi yana yashe magudanan ruwa a Madina, garin da sai a shekara biyu ba a ga ruwan kirki ba. Da ya yi ritaya, ƙafarsa ta ƙi zama. Duk inda aka haƙa harsashin gida a unguwar Aƙiƙ, za ka same shi tsugune bakin rami yana murza ƙasa, har da sansanawa. Matarsa Uwa takan ce, "Mazan mutane su dawo da dabino, nawa ya dawo da tsakuwa cike da aljihu."

Shekarar da Fahad, mijin 'yarsa Fatna, ya fara gini, tsohon ya shiga ramin da kansa. Ya fito da tsakuwa masu sulɓi da wata tsohuwar silifa, ƙafa ɗaya.

"Fahad, wa ke binne takalmi kamu uku a ƙasa?"

"Ya ammi, Baba, ma fi mushkila, ba matsala. Muhandis, wato injiniya, ya duba komai."

"Takarda ya duba. Ambaliya ce ta kawo wannan, kuma ruwa ba ya mance hanyarsa. A nan 'yata za ta kwana da jikokina? Ɗaga ƙofa matakala huɗu, ka bar mafitar ruwa ta baya."

Fahad ya amsa da Larabci mai tsawo, Baba Idrisa ya yi kamar bai taɓa jin Larabci ba. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya zauna kan bulo, silifa a hannu. Kwana tara kunyar suruki ta yi aikinta, Fahad ya ɗaga ƙofar.

Shekara huɗu maƙwabta na tsokana: "Fatna, yaushe za a sa muku lifta?"

Ran nan da azahar sama ta buɗe. Kafin la'asar layin ya koma kogi, maƙwabta na kwashe darduma da kwanuka. A gidan Fatna ruwa ya hau matakala uku, ya tsaya. Yaran unguwa a falonta suka sha shayi.

Washegari Baba Idrisa ya zo duba su, yana hawa yana dafe gwiwa.

"Wane marar tausayi ya yi wannan matakala?"

Fahad ya kama hannunsa, ya amsa da Hausa: "Wani mai silifa ne, Baba."