Tayoyina sun tafi Kwatano

Jama'a, yau da safe ina da mota, yanzu a bas nake!

Kun san Mamman mai shago a titin Fordham Road, nan ƙasar waje. Wata uku yana gyaran akori-kurar da zai aika gida Yamai. Ya ɗaga ta sama, ya jera mata fitilu, ya sa mata wasu ƙattin tayoyi. Tsofaffin tayoyin ya ba ni kyauta, tunda motata irin tasa ce. Har ya ce, "Kwashe, na yara ne." Na ɗaura wa motata, na yar da nawa da suka suɗe.

Yau ranar lodi, na raka shi da motata. Aka nufi bakin kwantena da akori-kurar. Ƙwas! Ta ƙi shiga!

Mamman ya ce, "A sace iskar."

Baba Sule mai lodi ya ce, "Alhaji, ba tsayi ba ne, faɗi ne. Tayoyin sun fi ƙofar. Kuma ƙarfe biyu zan rufe, da ita ko ba ita."

Sai na ga kowa yana kallon motata.

Mamman ya ce, "Ɗan'uwa, aro kawai."

Na ce to. Aka kafa jak, aka kwance huɗun, aka ɗaura wa akori-kurar. Ta shige sumul! Aka cusa ƙattin a bayanta. Baba Sule ya rufe, ya buga hatimi.

Na ce, "To, aron fa?"

Mamman ya ce, "Sai jirgin ruwa ya isa Kwatano, in Allah ya yarda, sati shida."

Motata tana can a kan bulo huɗu. Mamman ya ce in kwashe ragowar fitilun da ke shagonsa, kyauta.