Wayar da na cire daga famfon iska

Aji biyar na yi a makarantar lakwal aka kore ni, amma a kwarinmu na Gure ni ne mai boko. Shi ya sa da ƴan furoje, masu aikin raya karkara, suka kafa mana famfon iska, ni aka miƙa wa kile na ɗaure noti da gwangwanin mai.

Fukafukai uku gare shi a bisa dogon ƙarfe. Iska ta juya su, wuta ta samu, ruwa ya hau tanki, garakenmu su sha. A gindin kowane fiffike akwai wani ɗan abu kamar kwalin ashana, da waya ɗaya mai haɗa su ta sauko cikin wani akwati. Ma'aikacin da ya ɗaura shi, wani siririn Badamagare da muke kira Mushe, ya ce abin yana jin yadda fiffike ya karkata. In iska ta yi yawa, akwatin ya kwantar da fukafukan, famfo ya tsaya.

"Malam, kome za ka taɓa, ban da wayar nan," in ji shi.

Na ce, "Mushe, ni da kunnena nake sanin iska."

"Kunnenka yana zuwa kasuwa. Wannan ba ya zuwa ko'ina."

Na ji haushin maganar, yaron ko gemu bai tara ba.

Da bazara ta yi, albasa na ƙishi, sai famfon ya riƙa tsayawa daidai lokacin da iska ta fi kaɗawa. Yayana, wanda garkarsa ke can ƙarshen layi, ruwa bai cika kai masa ba, ya ce mini gaban jama'a, "Ɗan boko, injinka ma ya koyi ƙyuyarka."

Washegari na hau. Na zare wayar, na karkata fukafukan yadda suka fi cin iska, na ɗaure da kile tamau. Ruwa ya yi ta ambaliya har garkar Yaya. Ya aiko mini da ƙwaryar dabino. Ban gaya wa kowa abin da na yi ba, na bari ana cewa hannuna da albarka.

Ran kasuwar Gidigir na tafi sayen irin kabewa. Hadarin farko ya taso da azahar. Ina cikin rumfa na ji iskar, na kuma san abin da take yi a gida. Da na dawo, fiffike ɗaya na rataye a kan dabinon maƙwabci, ƙarfen ya lanƙwashe.

Mushen ya zo sau ɗaya. Ya ga wayar tana lilo, ya naɗe ta a hannu, ya miƙo mini. Da ya zage ni da ya fi. Furojen kuwa lokacinsa ya ƙare, ba a sake aiko kowa ba.

Yaya ya koma jan guga da shekarunsa, bayan rani biyu ciwon ƙirji ya hana shi. Yanzu rairayi ya cinye garkarsa. Har ya rasu yana cewa injin Nasara ne ba shi da ƙarko, ni kuma ina gyaɗa kai.