Golan da Ya Bar Raga

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Sambo makwancinsa. Da an bar ni da son raina, addu'a kawai zan yi masa bana kamar yadda na saba, ban ɗora wa masu karatu nauyi ba. Amma an taɓa littafinsa, don haka sai an yi haƙuri da ni.

Ga wanda bai san shi ba, malamin wasanni ne a sakandaren da na koyar da Hausa, ɗan unguwar Ƙofar Dundaye, gajere, usur rataye a wuyansa ko ranar Juma'a. Tare muka tsufa a ɗakin malamai, shi yana warin zufa, ni ina warin alli. Ƙwallon hannu ya iya, shi ya koyar, a kansa kuma ya rubuta littafi ɗaya tak, na soyayya, don 'yan makaranta. Ni na gyara masa ƙa'idojin rubutu, aikin da ya fi koyar da 'yan aji ɗaya wahala, domin Sambo yadda yake magana haka yake rubutu: "munka" da "sunka" ko'ina, aya kuwa sai in ya gaji.

Labarin wani gola ne ɗan shekara sha shida. A wasan ƙarshe na cin kofi, ana kunnen doki, saura kaɗan a tashi, sai ya hango yarinyar da yake so cikin 'yan kallo. Ya bar raga, ya ruga tsakiyar fili, ya karɓi ƙwallo ya jefa don ta gani. Golan ɗaya ɓangaren ya cafe, ya wurga cikin ragar da babu kowa. Kofi ya tafi. A babi na ƙarshe yaron yana bin gidajen abokan wasansa ɗaya bayan ɗaya, ya yi sallama, ya ba da haƙuri a zaure gaban iyayensu. Yarinyar ba ta faɗo hannunsa ba. A shafin ƙarshe dai ta amsa gaisuwarsa, shi ke nan.

Na ce wa Sambo yara ba za su so wannan ƙarshe ba. Ya ce, "Malam Aliyu, ba don su so shi nir rubuta ba. Don su tsaya cikin raga ne."

Duk makarantar an san ba ƙirƙira ba ce zalla. Yaron sunansa na gaskiya Kabiru, kuma Sambo ne ya goya shi a babur ya kai shi ƙofar kowane gida, ya tsaya waje cikin rana yana jiransa. Kafin a kai littafin maɗaba'a ya sauya masa suna, ya kuma nemi izininsa. Kabiru ya yarda, har da hawaye.

Yau Kabiru magidanci ne, yana da ofis a Sama Road inda ake karanta littattafai a naɗa, matasa su saurara a waya babi-babi. Bara ya zo gidana ya durƙusa, ya ce yana so ya raya littafin Malam don tunawa da shi, ya riga ya nemi yardar Hajiya Kulu, matar marigayin. Na sa masa albarka. Wanda ya shekara talatin yana duba takardun jarrabawa bai kamata a yaudare shi da kyakkyawar gabatarwa ba, amma ga shi an yi.

A wayar jikata na ji babin ƙarshe. Gola ya bar raga, ya jefa, ƙwallo ya shiga. Aka ɗaga shi sama ana ihu, yarinya ta aiko masa da hankici mai turare. Zuwa gida-gida ba da haƙuri kuwa, ko sama ko ƙasa. Aka rufe da cewa wannan labari ne daga alƙalamin marigayi Malam Sambo.

Na sami Kabiru a ofis. Na ce, "Kabiru, ƙwallon ga yaushe yas shiga? Ina filin ranar, ban gani ba."

Ya ce, "Malam, zamani ne. Yaran yanzu in jarumi ya faɗi, wani littafin suke komawa."

Na ce, "To ai faɗuwar ita ce littafin."

Sai ya daina murmushi. "Malam, ni fa abin ga yas samu. Shekara da shekaru ana karanta kunyata cikin aji, kowa ya san ni ne. Ba ni da ikon in ci ƙwallo guda ko a takarda?"

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Yana da iko. Ya sami takardarsa ya ci ƙwallo ɗari, babu mai hura masa usur. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya sa mamaci ya faɗa wa yara akasin abin da ya rayu yana faɗa musu, mamacin kuma wanda ya tsaya masa a ƙofar gidajen mutane ranar da kowa ke zaginsa.

Nakan tambayi kaina abin da Sambo zai ce da ya ga yau. Waya ba za ta dame shi ba. Mutum ne mai son sabon abu, ko da bai iya shi ba. Ina jin abin da zai ba shi mamaki shi ne yadda muka koma ba ma son yaro ya yi kuskure ko a labari. Muna so ya bar raga, kuma ya ci kofi, kuma a aiko masa da hankici. Sannan in ya girma ya bar wa mutane tasu ragar a buɗe, mu riƙe baki muna tambayar wa ya koya masa.

Na je wurin Hajiya Kulu na kunna mata. Ba ta karatun boko, amma Sambo ya karanta mata littafin tun yana rubutun hannu. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta sa aka kira Kabiru.

Ta ce, "Ɗana, labarin ga ya yi daɗi ƙwarai. Amma ba na maigidana ba ne. Ka hidda sunanai, ka sa naka."

Na zaci zai roƙe ta, ko ya ce zai mayar da babin. Cewa ya yi, "To, Inna." Kafin mako ya zagayo ya cire. Saurin nan ya fi sauya labarin yi mini ciwo.

Yanzu labarin yana yawo a wayoyin yara da sunan Kabiru, suna kuma sonsa, kamar yadda ya ce. Tsohon bugun ya ƙare a kasuwa, maɗaba'ar ma ta rufe. Na ɗauka zan ji kamar na yi nasara, ban ji ba. Littafin da ake so ba na Sambo ba ne, nasa kuwa babu mai nema. Amma dai ba a sa shi ya yi wa yara ƙarya bayan ransa ba, kuma iyakar abin da ni da Hajiya Kulu muka iya tsare masa ke nan.

Allah ya jiƙan Malam Sambo, ya yalwata masa kabari.