Layi Ɗaya Da Na Ƙara A Taswirar Masu Reno

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji biyu na ƙaramar sakandare karatuna ya tsaya. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da uku, ina da ɗa guda ɗan shekara uku mai ciwon sikila, ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, ɓangaren da ake kankare bakin bokiti da wuƙa idan ya fito daga inji. Mijina direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu yana kudu. Ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba. Ko tari yaron nan ya yi, sai in yini a wurin aiki ina duba waya a ɓoye cikin hijabi. Abu ɗaya da ake yaba mini shi ne ido. In aka yi abu a gabana sau ɗaya, to na riƙe shi.

Mu matan da muke aiki a kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai, babbar damuwarmu ita ce inda za mu ajiye yara. Da yawanmu baƙi ne, ba uwa ba ƙanwa a kusa. Akwai tsofaffi da matan aure a unguwannin kewaye da suke karɓar reno, amma sai wadda ta san gari take sanin su. Shi ne sakatariyar ƙungiyarmu ta mata ma'aikata, wadda kowa yake ce wa Anti, ta haɗa mana taswira da ake buɗewa a waya, don ita ta yi karatun kwamfuta. Kowane gidan reno yana da jan ɗigo. In kika taɓa ɗigon sai ɗan akwati ya buɗe, ya nuna miki laƙabin mai renon, da unguwarta, da lambarta, da yara nawa za ta iya ƙara karɓa. Taswirar ta zaga guruf-guruf na ma'aikata, har na maza, tunda wasu mazan su suke ɗauko yaransu in an tashi. Bayanan kuwa daga wani jadawali suke fitowa a kwamfutar Anti, kowane gida da layinsa. A ƙarshen kowane layi akwai gurbin da ta sa wa suna abin lura. Nan take rubuta sirrin yaran da ke gidan, wane ba ya cin gyaɗa, wance tana da farfaɗiya. Wannan gurbin ba ya fita a taswira, na shugabanni ne kawai.

Da cikin Anti ya tsufa za ta tafi garinsu a Jigawa haihuwa da wankan jego, sai ta ce ni za ta bar wa kwamfutar. Na ce ta rufa mini asiri, ni da ko turanci ban iya ba. Ta ce wai masu turancin ne suke ɓata mata aiki da iyayi, ita mai ido take so. Ta nuna mini yadda zan ƙara sabon gida da yadda zan gyara adadin yara. Ana cikin haka ta buɗe wani shafi ta gyara wani abu, na ga sunayen gurabun nan an jera su ƙasa da ƙasa, kowane a tsakanin wasu baka masu lanƙwasa, biyu gaba biyu baya. Ta ce nan ne ake tsara abin da akwatin zai nuna, kuma in na taɓa wurin sai ta dawo ta yanke mini yatsu da wuƙar bokitina. Muka yi dariya. Ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Amma na ga inda ta danna, na ga yadda ta ajiye.

A makon farko na zauna na karanta jadawalin nan daga sama har ƙasa, ba zan ɓoye ba. A nan na ga labarin wata baiwar Allah da muke haɗuwa a taron ƙungiya, mai aiki a kamfanin fata a Challawa. 'Yar Nijar ce, doguwa, ba ta da yawan magana, amma ita take tsokanata da cewa in sauro ya ciji ɗana sai na kai shi kotu. Tana da 'ya 'yar shekara huɗu. A layin gidan da take ajiye ta, Anti ta rubuta sunan yarinyar da garinsu, ta ce kada a ba kowa ita sai uwarta, uban ya saki uwar yana neman ƙwace 'yar, bai san suna Kano ba. Na karanta, na ce Allah sarki, na wuce. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce ban san abin da ke cikin gurbin ba. Na sani.

Damina ce. Wata rana tsohuwar da take renon ɗana ta tafi gaisuwar mutuwa, ta bar yaran da surukarta. Aka yi ruwa, yara suka fita tsakar gida suna tsalle, ita kuma ba ta ga abin hanawa ba, ba wanda ya gaya mata. Kafin in taso daga aiki ciwon ya tashi. Kwana huɗu muka yi a asibiti, yana riƙe ƙafarsa yana kiran sunana, an sa masa ruwa har hannunsa ya kumbura. Surukar ta zo dubiya tana rantsuwa da Allah ba ta sani ba, ta ce ai har taswirar tana da ita a wayarta, da an rubuta a can da ta gani. Wannan maganar ce ta zauna mini a rai.

Ranar Lahadi da hantsi, bayan an sallame mu, yaron yana barci, na buɗe kwamfutar. A gurbin abin lura na gidan renonsa na rubuta cewa akwai yaro mai sikila, kada ya taɓa ruwan sanyi, kada ya zauna a jiƙe, a ba shi ruwa ya sha da yawa, na sa lambata. Na taɓa ɗigon a wayata, bai fito ba. Sai na buɗe shafin da aka hana ni. Na dubi yadda aka rubuta unguwa a tsakanin bakan nan, na kwaikwaya, na ƙara layi ɗaya a ƙasa, na sa abin lura. Na ajiye. Na sake taɓa ɗigon, ga rubutuna ya fito tsaf. Wallahi har hamdala na yi, na ji kamar na sa wa ɗana katanga. A tunanina ɗigon gidan ɗana kawai na gyara, kamar mutum ya yi rubutu a ƙofar ɗakinsa. Ɗigo sama da talatin ne a taswirar. Ban taɓa ko ɗaya ba bayan nawa. Na rufe kwamfutar na ɗora sanwa.

Kwana goma layin nan yana waje. Wasu sun gani, daga baya suka ce sun ɗauka sabon tsari ne. Ranar Laraba da azahar, baiwar Allah 'yar Nijar ɗin nan tana cikin kamfani inda ba a shiga da waya, wata mota ta tsaya a ƙofar gidan renon da ke Challawa. Uban yarinyar ne da yayarsa. Yayar ta shiga da sallama, ta ce wa tsohuwar da take renon yarinyar wai uwar ce ta aiko su. Tsohuwar ta ce ita ba ta san da wannan aike ba, ta tura yarinyar bayanta. Sai ya leƙo daga soro ya miƙa mata waya, ya ce Iya ki sa a karanta miki, ga sunan 'yata, ga garinmu, ga inda kuka rubuta ku ɓoye mini ita. Tsohuwar ta yi kururuwa, maƙwabta suka taru. Ya fito da hoton ranar sunanta, yarinyar ma ta gane shi. Dattawan layin suka ce uba ne, ba su da hurumin hana uba 'yarsa, uwar ta bi ta hannun manya. Aka ɗauke ta da takalmi ƙafa ɗaya. Daga baya muka ji wani ɗan garinsu mai lodin kaya a Bompai ne ya taɓa ɗigon yana nema wa matarsa mai reno, ya ɗauki hoton akwatin ya tura gida.

Ni ban ji ba sai da yamma, ina cikin a daidaita sahu zan je ɗauko ɗana, Anti ta kira. Kwananta sha biyu da haihuwa, ina jin kukan jaririn a bayanta. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni ko na buɗe shafin nan, na ce e, amma ɗigon ɗana kawai na taɓa. Sannan ta ce ƙanwata, ke da kike aikin bokiti, in aka karci ƙarfen da ake zuba robar a ciki, bokiti nawa ne yake fitowa da tabon? Na ce duka. Ta ce to shafin nan shi ne ƙarfen, guda ɗaya ne, duk akwatunan daga shi suke fita. Daga nan ta gaya mini abin da ya faru a Challawa. Na tuna mai a daidaita sahun yana ta cewa Hajiya mun zo, Hajiya sauka, ni kuma ina kallon bayan kujerarsa inda ledar ta yage. Ban ji komai a raina ba. Na je na ɗauko ɗana, na isa gida, na buɗe kwamfutar na goge layin. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

Anti ta ce za ta ɗauki laifin, tunda ita ta rubuta sirrin a wurin kuma ba ta yi mini bayani ba. Na ce a'a. Bayan kwana biyu na je Challawa na tsaya a bakin get ɗin kamfanin fatar lokacin tashi. An ce mini washegari ma ta zo aiki, don in ta yi fashi za a ba wata gurbinta, kuma ba ta da kuɗin motar bin su sai an biya albashi. Ta fito cikin mata, na ja ta gefe. Na faɗa mata komai a tsaye, tun daga ruwan saman har layin da na ƙara, har da cewa na karanta labarinta tun farko. Na shirya ta mare ni, ina ma so. Ta saurara har na gama tana kallon titi. Sai ta tambaye ni ya jikin yaron. Na ce da sauƙi. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, a riƙa sa masa safa. Motar kamfaninsu ta zo, ta ce in ɗan matsa, ta shiga.

Sau biyu ta je garinsu. Ƙungiya ta haɗa ta da masu taimakawa, manya sun zauna, magana ta tsallaka iyaka ta zama doguwa. Karo na biyu sun bar ta ta ga yarinyar na ɗan lokaci a gaban kakarta. Daga baya ta bar aikin ta koma can, ta kama ɗaki a wani gari kusa da su, an ce tana wankau, don dai ta riƙa hango 'yarta ranar kasuwa. Lambarta ta daina shiga. Anti ta dawo ta raba jadawalin gida biyu, sirrin yara ya koma littafi a jakarta, taswirar kuma tana nan tana aiki. Ba wanda ya kore ni daga ƙungiya, wasu ma har yanzu ba su san ni ce ba. Na mayar da kwamfutar. Mijina ya ce ƙaddara ce, in yi istigfari in manta. Ina yin istigfarin. Shekara biyu ke nan ban yi kuka a kan maganar nan ba, ba don ban so ba, ba ya zuwa ne. Ina tashi, in shirya yaro, in je in kankare bokiti, in dawo.

Abin da na gane shi ne tsoron da uwa take yi wa ɗanta yana iya rufe mata ido daga 'ya'yan kowa. Ba mugunta na yi ba, kuma hakan bai dawo da yarinyar ba. Don haka 'yan'uwana mata, musamman irina da ba mu yi nisa a boko ba amma ana ba mu amanar waya da kwamfuta saboda an ga muna da kai, iya kwaikwayon abu ba shi ne sanin sa ba. In aka ce kada ki taɓa wuri, ki tambayi dalili tun mai shi yana kusa. In kika gyara abin da jama'a suke gani, kada ki duba naki kawai ki rufe, ki buɗe na maƙwabciyarki, ki buɗe na wadda ba ki sani ba. Ku kuma masu ilimin, in za ku bar mana aiki ku faɗa mana abin da zai lalace, kada ku bar mu da wasa da dariya, kuma sirrin da zai iya raba uwa da 'yarta kada ku ajiye shi wuri ɗaya da abin da duniya take kallo. Ba na neman kowa ya ce mini ba laifina ba ne. In kun karanta, ku sa wannan baiwar Allah a addu'a, Allah ya mayar mata da 'yarta tun yarinyar ba ta manta muryarta ba.