Naman Kazan Gindin Suri

Ina jin ina aji huɗu ne a shekarar, ko da yake ba zan rantse ba. Marka ta yi tsanani a ƙauyenmu da ke kusa da Gummi, rumbunmu kuwa ya ƙare tun gero bai fid da kai ba. Kaka takan fita da sassafe, ta dawo da ƙwarya rufe da ganyen tafasa. A ƙarƙashin ganyen akwai naman kaza, farin tsiron nan mai kamar laima. A wajenmu, gidan da aka ga yana cin sa an san babu ta kai maƙura, yara su yi ta tsokanarka da ɗan cin laimar kwaɗi.

Wata rana bayan magariba muna jin ɗumi a madafa, tukunya a buɗe, sai ga maƙwabciyarmu Inna Tumba ta shigo ɗiban wuta. Idonta ya faɗa cikin tukunyar. Na sunkuyar da kai kamar in nutse.

Kaka ba ta rufe tukunyar ba. Ta ce, "Tumba, zamna ki sha tatsuniya."

"Haba Inna, da girmana?"

"Girman mi? Ni na yanke miki cibi."

Ta ce wasu fararen 'yan mata biyu ne suka zo neman masauki da damina. Ɗaya ta sauka gidan Gara, a surin da ke bayan tsamiyar rafi. Ba ta da ado, sai doguwar ƙafa guda da ta nutsa har cikin ɗakin mai gida. Ɗayar ta tsaya a fili kusa da kashin shanu, da zobe a wuya, cikin zanenta kore-kore. Kurege ya haƙa ya ɗauko mai doguwar ƙafa, ya ƙoshi. Kura ta zaɓi mai zobe, ta kwana amai da zawo.

"Wace tsamiya?" in ji Inna Tumba, kamar da wasa.

"Ta tatsuniya mana. Wadda aradu ta tsaga."

Washegari Kaka ta tafi da ni, muka tarar da Inna Tumba a gindin surin, da ƙwarya a rufe.

"Itace kika zo nema, Tumba?" in ji Kaka.

"Itace, Inna."

"Mu ma."

Kada wani ya dogara da bayanina ya ci abin da bai sani ba. Mai yiwuwa na manta wata alama. Har yau, da digirina, in aka ambaci naman kaza a ofis shiru nake yi. Sai da na girma na fara zaton Kaka ta ga abin da kunya ta hana ni gani. Wataƙila Inna Tumba ba ta da abin ɗorawa a murhu ran nan. Wutar take so, don maƙwabta su ga hayaƙi ya tashi a gidanta.