Barcin Ɗiyar Gwaggo

Ƙamshin lemo ne ya fara dukan hancina, irin na maganin yara mai zaƙi-zaƙi. Matar ƙanena ce ta buɗe wata 'yar roba a tsakar gida, ba su daɗe da saukowa daga Kanada ba. 'Yarsu ta mayar da dare rana, jikinta bai san an sauya ƙasa ba. Abin da ke cikin robar kamar alewa yake, wai melatonin, ana ba yaro don ya yi barci a kan lokaci. Ban san sa'ad da na ce mata ta dakata ba. Ta dube ni kamar na yi mata shisshigi, kuma da gaskiyarta. Ni dai ƙamshin nan ƙauyenmu ya mayar da ni, can bakin Kogin Kwara, tsakanin Bagudo da iyakar Benin.

Ina 'yar firamare a lokacin, farkon shekarun shari'a. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta dawo daga Jidda inda ta daɗe tana aikatau, an kwaso su a jirgi saboda rashin takardu. Ta dawo da jaka ɗaya da 'ya ɗaya, yarinya ƙarama mai dara-daran idanu, Hausarta duk a cakuɗe da Larabci. Bayan ƙaramar salla ne, sanyi ya sauka, hayaƙin bandar kifi ya kama tufafin kowa a unguwa.

Gwaggo ta ce a can, da azumi, gari ba ya kwanciya sai rana ta fito. A haka aka ɗauko yarinyar. Da safe muna shara tana sharar barcinta, idan kuwa kowa ya kwanta sai ta buɗe ido tana kuka, tana kiran mutanen da ba mu sani ba. Mu yara muka sa mata suna jemage. Gwaggo kuwa ta rame, idanunta suka faɗa, ga aikin banda yana jiranta kullum, don ba ta son a ce ta dawo ta zama kaya a gidan yayanta.

Kakarmu ta ce a bi a hankali. “Ku tashe ta da hantsi ta sha rana, ta sha hura tare da yara,” in ji ta. “Barci ba a yi mai dole.” Ita da kanta take shimfiɗa tabarma a jikin danga, ta ɗauko yarinyar tana layi ta zaunar da ita. An fara ganin sauƙi kaɗan-kaɗan, amma mai haƙuri shi ke dafa dutse, Gwaggo kuwa haƙurinta ya ƙare.

Wata maƙwabciyarmu mai kai kifi ƙetaren iyaka ce ta kawo mata wata kwalbar maganin barci na ruwa, mai ƙamshin lemo. Ta ce da shi matan can suke kwantar da yara ranar kasuwa. Rubutun jikinta Faransanci ne, duk gidanmu ba mai karanta shi, kuma ba ta zo da marfin awo ba. Mu kuwa jiƙo muka sani, da ludayi ake auna wa yaro. Da ƙaramin ludayin koko Gwaggo ta auna, don tausayi ma ba ta cika shi ba.

Gidan ya kwana shiru. Da safe Gwaggo ta fito da fara'a, rabon da in ga haƙoranta har na manta. Da hantsi ya yi, Kaka ta shimfiɗa tabarmarta ta shiga ɗaki ɗauko yarinya. Muka ji tana kiranta, ta sake kira, daga nan ta fara salati. Jikin da ɗumi, numfashin ne can ƙasa-ƙasa. Baffana ya tayar da babur, Gwaggo ta hau baya rungume da ita, ko mayafi ba ta ɗauka ba. Hanyar yashi ce. Ba su kai Bagudo da ita ba, kafin la'asar an rufe ta.

Ba wanda ya zargi Gwaggo, ko a bayan idonta. Kaka ta ce wa'adi ne, ta tona rami a bayan gida ta binne kwalbar. Ni dai na yi kuka kamar raina zai fita, kuma har yau idan na tuna idanun yarinyar nan sai zuciyata ta yi nauyi.

Na san abin da ke hannun matar ƙanena ba irin wancan ba ne. Ƙanena ya ce sun tambayi likitan 'yarsu kafin su taso, ya faɗa musu awo, ɗan kaɗan, na 'yan kwanaki, ya kuma ce a ɓoye robar kada yara su ɗauka alewa ce. Zamani ya sauya, yanzu akwai wanda za a tambaya, akwai mai karanta rubutun. Ban musa ba, kunnena ya ji, zuciyata ce ta ƙi ji. Aka ba ta, ta yi barci.

Gwaggo a wurina take yanzu, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ashe duk abin da aka yi tana ji daga ƙofar ɗakinta. Da gari ya waye na neme ta ban gan ta ba, sai a ɗakin baƙi. Tana zaune a bakin katifa, tafin hannunta a kan ƙirjin yarinyar, kokonta ya huce a gefe.

Matar ƙanena ta durƙusa ta ce, “Gwaggo, ki je ki karya, lafiyarta ƙalau.”

“Na sani, ɗiyata,” in ji Gwaggo, ba ta ɗauke hannun ba. “Bari dai ta tashi.”