Baba Ƙaiƙayi da Kujerun da Suka Dawo

Sunan Baba Ƙaiƙayi daga sana'arsa ya samo shi. Shekaru masu yawa yana facin tankunan ruwa da ƙananan jiragen ruwa da zaren gilashi da wani gam mai wari, kuma zaren nan in ya shiga fata sai mutum ya wuni yana susa. Matarsa ma daban take wanke kayansa, tana cewa, "Malam, ka riƙe ƙaiƙayinka kai kaɗai."

Gam ɗin in ya daskare, ya daskare ke nan har abada. Wuta ba ta narka shi, ƙasa ba ta cinsa. Tankin da ya gagari faci sai dai a jefar. Da warin ya fara taɓa masa ƙirji, likita ya ce ya bar aikin. Babbar 'yarsa ce ta samo masa gurbi a wata masana'anta da ke yin kujerun motocin haya.

A can ba gam. Zaren gilashin ana shimfiɗa shi ne tsakanin fallayen roba, a gasa har robar ta yi laushi ta ratsa zaren, sannan inji ya matse su cikin ƙarfe mai siffar kujera. Injiniyar wurin, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta ce masa, "Baba, wannan in ta tsufa a niƙe ta, a narka, a sake wata."

"Ranki ya daɗe, sai na gani da idona," in ji shi.

Bai jima ba ya gani. Wani kamfanin sufuri ya dawo da tsofaffin kujerunsa cike da babbar mota, wasu sun tsage, wasu fasinjoji sun kankare su da makulli. Aka niƙe su, aka narka, aka matsa. Kujerar farko ta fito sumul gwanin sha'awa. Da aka ɗora mata nauyi sai ƙas, ta rabe biyu. Ta biyu ma haka. Manaja ya fara zancen a kwashe sauran a kai juji.

Injiniya ta gano cewa garin robar yana shan danshi a sito, shi ke sa kumfa a ciki, ta sa aka riƙa busar da shi kafin a gasa. Kumfar ta tafi, amma tsagewar ba ta daina ba, don niƙan ya guntule zaren. Baba Ƙaiƙayi ya ɗauki guntun kujera yana jujjuyawa.

"A facin jirgi, tsohon yana tsakiya ne, sabon zare ya rufe shi ciki da waje," ya ce. "Ko a gwada haka da garin robar nan?"

Ta ɗan yi lissafinta, ta ce, "Shimfiɗa, Baba. Ni zan saita zafin."

Ya shimfiɗa zaren da tafin hannu kamar mai gyara wa jariri gado, ya ninka shi a inda mazauni ya haɗu da majingina, don nan ne take karyewa. Kujerar ta fito, ta huce, na'urar gwaji ta danna ta har iyakar da ake so, amma kujerar ko gezau ba ta yi ba.

Ma'aikata suka ce su ba su yarda da na'ura ba, a kira Tulu. Tulu shi ne direban motar kaya, mutumin da in ya shiga ƙofa sai ya karkata. Ya zo yana goge hannu, ya zauna a hankali. Ya tashi ya sake faɗawa da ƙarfi. Daga nan ya hau kanta da ƙafa biyu yana tsalle, tumbinsa na rawa.

"Sauka haka nan, kar ka fasa mana siminti!" in ji manaja, yana dariya har da riƙe ciki.

Wuri ya kaure da ihu da tafi. Baba Ƙaiƙayi ya cire safar hannu ya share ido, ya ce tururi ne.

Yanzu sashen tsofaffin kujeru a hannunsa yake, mutum huɗu suna ƙarƙashinsa. In babbar mota ta shigo da fasassu, shi ke fara isa bakin ƙofa, yana ɗaga wa direba hannu yana cewa a sauke su a inuwa.